Tsayuwar Ƙaura Baushe a Mashigin Kada

A shekarar da Sarkin Garzuwa Gwanki ya rasu, ƙasarsa ta rabu biyu tun kabarinsa bai bushe ba. Ya bar 'ya'ya maza da yawa, amma biyu ne idon jama'a ke kansu: Ciroma Nomau, babbansu, jarumi mai zafin zuciya wanda ba ya yafe raini, da ƙanensa Barmo da suke 'yan uba, saurayi mai sanyin magana. Masu zaɓen sarki suka shiga ɗaki suka fito da sunan Barmo. Ciroma ya ƙi yin mubaya'a. Ya fita birni da mutanensa, ya tara dakarun gabas, ya dawo da yaƙi a tsakiyar damina, lokacin da gero ya kai ƙugu kuma babu manomin da ke son barin gonarsa.

Aka gwabza a bayan ganuwa, aka gwabza a cikin lunguna, daga ƙarshe birni ya faɗa hannun Ciroma. Sarki Barmo ya fita ta ƙofar yamma da ragowar rundunarsa, mata da yara da tsofaffi na biye, har da talakawan da suka san sunansu ba ya da daɗi a kunnen Ciroma. Niyyarsu su kai Dutsen Zabi, garin kawunnan Sarki, inda doki ba ya hawa. Amma tsakaninsu da dutsen akwai Gulbin Sarai, ya cika ya batse, kuma wuri ɗaya ne ake iya ratsa shi, wato Mashigin Kada. A can ma ruwa ya kai ƙirjin namiji. Mata da yara da masu rauni sai an ɗauke su a kwale-kwale, kwale-kwalen kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Da hantsi Sarki ya zauna da majalisarsa a gindin wata tsamiya a bakin gulbi. Babu shimfiɗar sarauta, buzu kawai aka jefa masa. Galadima Cindo, dattijo mai taushin harshe wanda ya yi wa uban Sarki hidima, shi ya fara magana.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Ba na son zama mai kawo baƙar magana, amma kowa a nan ya ji abin da ya faru yau da safe. Makaɗi ya bugi babban tambari, fata ta yage gida biyu. Tun kakannin kakanninka ba a taɓa jin haka ba. Ƙasa ce ke yi mana gargaɗi, ranka ya daɗe, ya kamata mu saurara."

Magajiya Tasalla tana zaune daga gefe, ta dogara da sandarta. Ƙanwar marigayi Sarki Gwanki ce, gwaggon Barmo kuma gwaggon Nomau, ita kaɗai ce macen da ke da kujera a majalisa. Ta dubi Galadima sama da ƙasa.

"Galadima, tambarin nan ruwan sama ke dukansa tun ranar da muka bar birni. Fatar sa ce, ta jiƙa ta ruɓe. In ƙasa tana da magana da mu, ba ta rasa ɗan aike ba har ta aiko mataccen sa."

Wasu barade suka sunkuyar da kai suna ɓoye dariya. Kafin Galadima ya ba da amsa aka shigo da jakadan Ciroma, sanye da farar riga, riƙe da ɗanyen reshe a hannu. Ya durƙusa, amma bai ce Sarki ba.

"Ciroma Nomau, wanda ke zaune a gidan ubansa, ya ce a gaya wa ƙanensa Barmo: jinin Garzuwa da ya zuba ya isa. Ya zo da ƙafarsa, ya ajiye takobin sarauta da tambura a gaban yayansa. In ya yi haka, duk wanda ke bakin gulbin nan ya koma gonarsa, ba mai taɓa shi. In ya ƙi, kafin rana ta take tsaka Ciroma zai iso, kuma kadojin Sarai za su ƙoshi."

Ana jin kukan jarirai daga bakin ruwa. Sarki ya juya ya dubi taron mutanen da ke jiran fito, kowa da ƙunshinsa a ka.

Ya ce, "In kaina zai fanshi waɗannan bayin Allah, ban ga abin da zai sa in yi rowar sa ba. Ni ban nemi sarauta ba, ku kuka ɗora mini."

Galadima ya yi caraf ya ce, "Maganar adalin sarki ke nan. Ciroma ɗan'uwanka ne, ba zai…"

"Ni na goya Nomau a bayan nan nawa," in ji Magajiya. "Kada wanda ya gaya mini abin da zai yi da wanda ba zai yi ba. Mutanen Kwarin Maje irin wannan alkawari ya yi musu. Suka buɗe masa ƙofa, suka kawo masa fura. Ina dagacinsu yau? Ina 'ya'yansa maza? Barmo, in ka miƙa wuyanka, kai ne na farko, ba kai ne na ƙarshe ba."

Sarki ya ce, "To Gwaggo, in tsaya in ga an yanka su a bakin ruwa?"

Sai Ƙaura Baushe ya miƙe. Shi ne shugaban yaƙin Garzuwa tun zamanin Gwanki, dogon tsoho mai farin gemu, da tabon mashi daga kunci har wuya. Kowa ya san abin da ke cin sa: ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, Madawaki Arzika, shi ke jan dawakin Ciroma.

"Zaki, ba wanda za a yanka a bakin ruwa ina da rai. Na zaga wurin nan da safe. Hanyar da ke saukowa mashigi siririya ce, dama fadama mai cin doki har ciki, hagu duwatsu. Dakarun Ciroma da yawa, amma a nan yawansu ba zai amfane su ba, sai sun zo mini kaɗan-kaɗan. Ka ba ni 'yan baka da masu garkuwa, ka ba ni yinin yau. Kafin rana ta faɗi jama'arka sun haye. In 'yan bakanmu suka hau wancan tudu na ƙetare, duk dokin da ya shiga ruwa ya shiga kabarinsa."

Ya juya ga jakada.

"Kai kuma koma ka gaya wa Ciroma, Sarkin Garzuwa ba ya zuwa gaban kowa da ƙafa. Takobin da yake nema yana nan, in yana so ya zo ya karɓa ta wajen kaifi. Ka kuma gaya wa Madawaki Arzika yayansa na gaishe shi. Ka ce in zai zo, ya zo a sahun gaba, kada ya turo mini 'ya'yan mutane."

Da jakada ya tafi, Sarki ya ce a kawo masa sulkensa, shi ma zai tsaya. Ƙaura ya girgiza kai.

"Allah ya taimake ka, in kana nan, kowane mayaƙi ido ɗaya zai sa wa abokin gaba, ɗayan yana kanka. Ina son idanunsu duka biyu."

"Baba Ƙaura, sai a ce Barmo ya gudu ya bar tsoho a bakin daga."

"Su faɗa. In ka rayu za ka ba su amsa. In ka mutu a nan, mu duka mun mutu a banza, Nomau kuma ya zama sarki kafin la'asar. Haye, ranka ya daɗe. Wannan ce kaɗai alfarmar da na taɓa roƙon gidanku."

Sarki ya kama hannun tsohon da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. Sa'an nan ya ɗora wa Galadima kula da fiton kaya da dabbobi, ya shiga ruwa da ƙafa, ya ce a bar kwale-kwale ga masu goyo.

Ƙaura ya sa baradensa suka sauka daga dawaki, aka kora dawakin ƙetare, don kada zuciyar kowa ta raya masa gudu. Aka sassaro ƙaya aka jibge a bakin hanya. Sarkin Baka, shugaban 'yan baka, ya raba mutanensa, wasu a bayan duwatsu, wasu kwance cikin dogayen ciyayin fadama. Da yake rigunan yaƙin ɓangarorin biyu iri ɗaya ne, kowa ya ɗaura ganyen kaba a dantsensa don a gane na gida.

Rana na take tsaka suka jiyo gangunan Ciroma. Abin da ya fi sosa zuciyar mayaƙa shi ne taken da ake kaɗawa, domin taken Garzuwa ne, shi ɗin dai da makaɗansu ke kaɗawa a bayansu. Wani barde ya tofar da yawu ya ce, "Ko takenmu ba su bar mana ba." Ƙaura ya ce, "Ku ƙara ƙarfin namu, su san masu shi na nan."

'Yan lifidi ne suka fara saukowa, dawakinsu lulluɓe da auduga mai kauri, ƙasa na girgiza. Ƙaura ya bari har suka iso ƙaya, sa'an nan ya ɗaga takobi. Kibau suka taso daga dama da hagu kamar fari. Dawakin gaba suka turje, na baya suka hau kansu, waɗanda suka kauce dama suka faɗa fadama. Lifidi ya sha ruwa ya yi nauyi, doki ya kasa tashi, mahayi ya kasa sauka. Masu mashi suka fita suka gama da su cikin taɓo.

Sai dakarun ƙasa suka biyo, aka haɗu garkuwa da garkuwa. A nan ne yaƙin ya nuna muninsa, don babu baƙo a filin. Mutum zai ɗaga takobi ya ga maƙwabcinsa na unguwa. Ana jin ana kiran sunaye daga wannan sahu zuwa wancan, wani na zagi, wani na cewa, "Koma baya, kada ka sa ni kashe ka!" Ƙaura yana tsakiya, ba kwalkwali a kansa don mutanensa su ga farin gemun, yana kirari da muryar da ta danne ganguna:

"Sai ni Baushe, ƙofar da ba ta da mabuɗi! Na tsaya wa Gwanki, na tsaya wa ɗansa! Wanda ya gaji da duniya ya matso!"

Mutanen Ƙaura suka tura su baya. Suka sake dawowa, aka sake tura su. A bayan Ƙaura kwale-kwale na kai da kawowa ba hutawa, taron bakin ruwa na raguwa a hankali.

Bayan azahar gangunan Ciroma suka yi shiru. Wani mahayi shi kaɗai ya sauko a kan akawal, baƙin doki wuluk, ya tsaya nesa kaɗan da ƙaya, ya cire kwalkwalinsa. Madawaki Arzika ne. Ƙaura ya hana a harba, ya fita ya same shi.

Arzika ya ce, "Yaya, sannu da aiki. Saƙonka ya iso ni, ga ni."

"Ka makara. Na ce ka zo a gaba."

"Ciroma ne ya riƙe ni. Yaya, ka yi abin da za a daɗe ana faɗa. Ya isa haka. Ka ajiye takobi, ni zan tsaya maka a gabansa, ko gashin gemunka ba mai taɓawa."

"Ka tsaya wa dagacin Kwarin Maje?"

Arzika ya kau da kai. "Ba na nan ranar. Amma ka sani kamar yadda na sani, Nomau ne babba. An zalunce shi a ɗakin zaɓe. Ni na koya masa hawan doki, na rantse masa tun ubansa na raye. In warware rantsuwa don yau ta yi ɗaci?"

"Ban ce ka warware ba. Ni ma tawa na riƙe. Uwarmu ba ta haifi mai saɓa alkawari ba, shi ya kawo mu nan. Koma wurin ubangidanka, Arzika. In ka dawo, ka zo da ƙarfinka duka, kada ka ji kunyata, don ni ba zan ji taka ba."

Madawaki ya mayar da kwalkwali ya juya dokinsa.

La'asar na gabatowa Sarkin Baka ya zo a guje, jini na bin hannunsa.

"Ƙaura, an ci amanarmu! Galadima bai haye ba. Ya sulale ta cikin gero ya tafi wurin Ciroma. Ga shi can yana jan dakarunsu ta burtalin shanun da ya ratsa fadama ta arewa. In sun fito, sun fito a bayanmu."

Ƙaura ya juya ya dubi bakin ruwa. Saura 'yan tsofaffi da masu rauni, kwale-kwale na ɗaukarsu.

Ya ce, "Cindo ya yi saurin sayar da mu, amma ya makara wajen kai kaya. Sarkin Baka, kwashe mutanenka ku haye yanzu, ku hau tudu. Masu garkuwa su bi ku sahu-sahu, da baya da baya, fuska na kallon abokin gaba. Duk wanda ya juya ƙeya, ni zan sare shi kafin su."

"Kai fa?"

"Wani sai ya riƙe bakin hanya har sahun ƙarshe ya shiga ruwa. Na fi ku tsufa, na fi ku rashin son sanyi. Tafi."

Haka rundunar Barmo ta ja da baya, ba gudu ba ihu. Sahu ɗaya ya tsaya, ɗaya ya shiga ruwa, garkuwoyi a sama, kibau na sauka a kansu kamar ƙanƙara. Ruwa ya ja wasu, 'yan'uwansu suka cafko na cafkowa. Ƙaura ya hau wani faffaɗan dutse a bakin mashigi da tsofaffin baradensa 'yan ƙalilan waɗanda suka ƙi tafiya ko da ya zage su. Dakarun Ciroma suka fito ta gaba da ta arewa lokaci guda, suka yi musu zobe.

Daga ƙetare Sarki da Magajiya na kallo. Suna ganin farin gemun yana ɓacewa cikin taro yana sake fitowa. Baraden suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Kibiya ta sami Ƙaura a cinya, ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya ci gaba da sara daga nan. Ya waiga sau ɗaya, ya ga sahun ƙarshe ya kama gaɓar ƙetare, ya ga 'yan baka sun jeru a kan tudu. Sai ya yi dariya, waɗanda suka kewaye shi suka ji ta. Mashi ya shige shi ta haƙarƙari, ya faɗi rigingine a kan dutsen, takobi na hannunsa.

Ba wanda ya yi guɗa ko kirari. Yawancin waɗanda ke tsaye a kansa shi ya fara kai su yaƙi. Suka ja baya suka bar fili.

Ciroma Nomau ya iso a kan farin doki, Galadima na biye da shi, taɓo har gwiwa. Ya dubi ƙetare, ya ga ƙanensa tsaye a kan tudu, tambura a bayansa, kibau a ɗame. Ya san doki ba zai ratsa ba. Fuskarsa ta yi baƙi. Ya dubi gawar.

"Wannan tsohon karen ne ya cinye mini yini? Ku sare kansa ku kafa a kan mashi nan bakin ruwa, inda Barmo zai gani. Gangar jikin ku bar wa ungulu."

Madawaki Arzika ya sauko daga doki, ya durƙusa.

"Allah ya ba ka nasara. Na bi ka tun ba ka da kowa. Na yaƙi ɗan uwata saboda kai, yau ga shi kwance. Ban taɓa roƙonka komai ba. Ka ba ni gawarsa in yi masa sutura."

Ciroma ya ce, "Ai na gan ku ɗazu kuna hira kamar a zaure, mutanena na mutuwa. Tunda kana son sa haka, kai za ka sare kan da hannunka, in san inda zuciyarka take. Tashi."

Arzika ya tashi. Ya hau dutsen, kowa na kallo. Ya kwance rawaninsa ya rufe fuskar yayansa da shi. Ya sunkuya ya ɗauki gawar, ya aza a kan akawal ɗinsa, ya kama linzami.

"Na rantse zan yi maka yaƙi, Nomau, na kuma yi. Ban rantse zan zama mahaucinka ba."

"Ku kama shi!" in ji Ciroma.

Ba wanda ya motsa. Arzika ya ja dokinsa ya shiga ruwa. Sai wani daga cikin baradensa ya yanke igiyar lifidin dokinsa ya yar, ya bi shi. Wani ya bi. Kafin Ciroma ya gama zage-zage, dawakin Madawaki sun shiga gulbi gungu-gungu, mafi kyawun mahayan da yake da su, ba wanda ya waiwayo. Galadima ya dubi abin da ya rage a bayan sabon ubangidansa.

A ƙetare Sarkin Baka ya ɗaga hannu zai ba da umarnin harbi. Magajiya Tasalla ta sa sandarta ta danne bakansa.

"Buɗe idonka ka ga abin da ke kan dokin gaba."

Arzika ya fito daga ruwa, kansa ba rawani, rigarsa na ɗiga. Ya sauke gawar a hankali a gaban Sarki Barmo. Bai durƙusa nan take ba, sai da ya gyara wa yayansa kwanciya, ya juya fuskarsa gabas.

"Ranka ya daɗe, na kawo maka Ƙauranka. Ku ba ni wuri in binne shi. In na gama, ka nuna mini inda yake tsayawa."